Yadda Muka Sauko da Abdulmannan daga Rumfa

Kano, Alhamis, 6 ga Fabrairu, 2025, da hantsi

Jiya ma wata 'yar jarida ta tambaye ni yadda ƙungiyarmu ta Tartsatsi ta samu makaɗinta. Na ba ta amsar da muke bai wa kowa daga Yamai har Landan, cewa a gona muka ji shi muka ɗauko shi. Ta ce labarin ya yi daɗi. Abdulmannan yana zaune kusa da ni yana juya sandar kiɗansa a hannu. Da na koma gida na zaro littafin da nake rubutu a ciki lokacin da nake gyaran rediyo da lasifika a Haɗeja. Ga shi nan yadda yake, ban taɓa ko kalma ɗaya ba.

Litinin, 9 ga Mayu, 2022, bayan La'asar

Ɗanladi ya tafi. Makaɗin da muka shekara biyu da shi, ya samu aiki a kudu, ta saƙon waya ya yi mana sallama. Ko ƙofar shagona bai iya takowa ba.

Saura mu uku. Ni da jita, abokina Abdulganiyyu tela da babbar jita mai kaurin murya, sai ƙanwata Zulfa mai waƙa. Gasar ƙungiyoyin kiɗa ta Kano za a yi tantancewarta ranar 21 ga wata, waɗanda suka tsallake su koma zagayen ƙarshe ranar 4 ga Yuni. Sharaɗinsu a fili yake, ba makaɗi ba shiga. Shekara shida ina koyon jitar nan a bayan shago, mutanen unguwa suna ce mini mai kiɗan aljanu. Ba zan bari tafiyar mutum ɗaya ta mayar da ni gyaran fanka har tsufa ba.

Saura kwana goma sha biyu.

Talata, 10 ga Mayu, bayan Azahar

Mun gwada Hussaini mai kalangu. Hannu kam akwai shi. Amma muna tsakiyar waƙa Alhajin da ke sayar da taki ya gifta a kan babur, sai Hussaini ya saki waƙarmu ya bi shi da kirari har bakin titi. Da ya dawo ya ce, "Ina muka tsaya?" Zulfa ta yi dariya har da hawaye. Ni ban ga abin dariya ba.

Alhamis, 12 ga Mayu, bayan Magariba

Bari in rubuta a hankali.

An kira ni gyaran lasifikar wani masallaci a ƙauyen da ke bayan Auyo. Ina dawowa ta cikin fadama, gonakin shinkafar rani dama da hagu, sai na ji abin. Na kashe babur. Ko'ina a fadamar ihu ne da buge-buge, domin shinkafa ta fitar da kai, tsuntsayen jan baki kuma sun sauka bana kamar hayaƙi. Kowa yana kora. Amma a cikin hayaniyar akwai wani bugu da ya fita daban.

Na bi shi a ƙafa. Mutum ne a kan rumfa mai ƙafa huɗu a tsakiyar gona, zai yi shekara talatin. Ya ja igiyoyi daga rumfar zuwa kowace kusurwa, ya rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki, ya ɗaura bakin igiyoyin a manyan yatsun ƙafarsa. A gabansa jarka ce, da tsohuwar daro, da guntun kwanon rufi. Sanda biyu a hannu. Ƙafar dama tana abinta, ta hagu tana nata, hannuwa kuma kowanne da inda ya nufa. Abin da Ɗanladi ya shekara yana nema a kan ganguna biyar bai samu ba, wannan yana yi da jarka.

Na yi sallama. Ya amsa bai daina bugu ba. Sunansa Abdulmannan. Na zayyana masa komai, har da Kano. Ya ce, "Malam, ni ba makaɗi ba ne, tsuntsu nake kora."

Na ce kwana ɗaya kawai nake roƙo.

Ya ce, "Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ba na sauka sai salla, ita ma sai Inna ta hau ta riƙe mini igiya. Gonarta ce. Ita ce abincinmu har baɗi. Ka dawo bayan yanka."

Yanka sai farkon Yuni. Saura kwana tara.

Juma'a, 13 ga Mayu, da safe

Na wayi gari da bugun jarkar nan a kaina. Na ƙona wa wani mutum rediyo.

Asabar, 14 ga Mayu, bayan Magariba

Tunda ba zai zo ba, mu muka je. Mun ɗora jitoci da batir a kan babur biyu, muka kafa a gindin rumfarsa. Manoman da ke kusa suna ta yi mana tsiya, wani ya ce ko tsuntsayen ne suka gayyato mu biki.

Mahaifiyarsa ta zo da abinci, tsohuwa ce siririya, Inna Kulu. Auta take kiransa. Ta dubi Zulfa ta ce, "'Yar nan, iyayenki sun san kina nan?" Zulfa ta durƙusa ta ce sun sani, Inna, ga yayana nan. Tsohuwar ta ce to ku ci tukuna. Ta ƙaro mana ɗanwake daga nata kwanon.

Da muka fara, tsigar jikina ta tashi. Minti ɗaya. Daga nan ya sauya bugu. Muka bi shi, ya sake sauyawa. Wani lokaci ya yi tsit, sai mun saki jiki ya dawo da ƙarfi. Na fusata na ce, "Malam Abdulmannan, kiɗa tsayawa yake a kan taki ɗaya. Ka riƙe abu guda mana."

Ya ce, "In na riƙe abu guda za su gane. Tsuntsun nan yana da kai. Ka maimaita masa abu kaɗan, sai ya san ba mutum a ciki, ya sauka ya ci abinsa."

Abdulganiyyu ya ce shi wallahi sauye-sauyen ne ma suka fi burge shi. Tela ne, me ya sani.

Litinin, 16 ga Mayu, da rana

Na samu dabara. Lasifika huɗu irin na masallaci, ɗaya a kowace kusurwa, da batir da faifan sola. In naɗi bugunsa, ranar Asabar na'ura ta yi gadin, mu je Kano mu dawo. Inna Kulu ta zauna a rumfa ta riƙa taɓa igiya jefi-jefi.

Na kai wa Abdulmannan maganar a gona. Inna Kulu ce ta ce, "Auta, tun kana yaro ka farfasa mini ƙore nawa da bugu? Je ka su ji ka. Kwana ɗaya ne."

Ya yarda, da sharaɗi ɗaya. In naɗi bugunsa tun daga safe har Azahar, in sa shi gaba ɗaya yadda yake. Ya maimaita mini sau biyu. Na ce ai wannan aikina ne, ya bar mini.

Talata, 17 ga Mayu, bayan La'asar

Na naɗa, awa shida. Na zauna a shago na saurara a kwamfuta. Kai, ba ya sauraruwa. Iska tana busa makirufo, ga tari, ga muryar Inna Kulu tana kiran akuya, ga wuraren da ya yi shiru har ka zaci na'ura ta mutu. In na saki wannan a lasifika huɗu, duk fadamar za ta ce Misbahu bai iya aikinsa ba.

A cikin awa ta uku akwai wani wuri, bai kai minti ɗaya ba, da bugun ya zauna daram. Tsaf, ba ƙura. Na daɗe ban ji abu mai kyau irinsa ba.

Zulfa ta shigo ta tsaya a bayana. Ta ce, "Yaya, me kake yankewa?" Na ce shara nake yi. Ta ce ba haka ya ce ba. Na ce ta je ta yi bitar waƙarta.

Alhamis, 19 ga Mayu, da yamma

Mun gwada. Na kunna na kwata awa, Abdulmannan ya daina bugu ya ɗaga hannuwansa sama, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya suka nufi bakin kogi. Ƙarar ta yi yawa a kusa, shi kuma idonsa yana kan tsuntsu. Ya yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce, "Duka ne a ciki?" Na ce duka.

Ƙara ce tsuntsu ke tsoro. Ƙara kuwa ga ta nan har ta yi yawa.

Juma'a, 20 ga Mayu, bayan Masallaci

Ƙara ce suke tsoro. Gobe da asuba.

Asabar, 21 ga Mayu, cikin mota, wajen ƙarfe huɗu

Rubutun zai karkace, hanya ba kyau. Mun yi.

Sun ba Abdulmannan ganguna irin na Turawa, ya zagaya su sau ɗaya, ya cire takalmi ya zauna. Na ce masa a kunne ya daure ya riƙe taki ɗaya. Bai riƙe ba. Ya yi abinsa na gona, ya yi tsit a inda ba a tsit, Zulfa ta jefa muryarta cikin shirun, ɗakin ya ɗauka. Ɗaya daga cikin alƙalan ta miƙe tsaye. Ashe Abdulganiyyu ne da gaskiya, amma ba zan faɗa masa ba.

Yanzu Abdulmannan yana gefen taga, sai duban rana yake yi. Ya tambayi direba sau uku ko za mu isa kafin Magariba. Wayar Inna Kulu ba ta shiga.

Asabar ɗin dai, bayan Isha

Mun isa. Lasifikar tana nan tana yi.

Lahadi, 22 ga Mayu

Ban buɗe shago ba.

Litinin, 23 ga Mayu, da hantsi

Ba zan rubuta abin da muka tarar ba.

Tafin hannun Inna Kulu kawai zan rubuta. Igiya ta yanka shi ta ko'ina, ta naɗe da gefen zaninta ta ci gaba da ja. Tun hantsi take ja ita kaɗai har rana ta faɗi. Maƙwabta kowa yana kan tasa rumfar, wanda ya sauka tasa gonar ce za ta tafi. Muryarta ta dishe, sai da muka sunkuya muka ji abin da take cewa. Sannunku da hanya take yi mana.

Shi kuwa ya shiga gonar da fitilar waya, yana kama kan shinkafa yana murzawa yana sakewa. Ya daɗe a ciki.

Talata, 24 ga Mayu, da rana

Saƙo ya shigo, mun tsallake. Ƙungiya huɗu suka zaɓa cikin talatin da wani abu. Na karanta na ajiye wayar a kife.

Abdulganiyyu ya je ƙauyen jiya ya dawo. Ya ce abin da ya tsira shi ne kewayen rumfa, inda hannun Inna ya kai, bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran fari fat, ƙaiƙayi ne a tsaye. Ya ce Abdulmannan ya koma kan rumfa yana gadin ragowar, kuma kansa yake zargi. Wai shi ne ya bar gonar uwarsa ya tafi neman tafi.

Na ce Allah Ya mayar da alheri. Bakina ne ya faɗi haka.

Laraba, 25 ga Mayu, bayan Azahar

Na kira Abdulmannan sau biyar, bai ɗauka ba. To ai hannuwansa a cike suke.

Ban faɗa ba.

Alhamis, 26 ga Mayu, da safe

Zulfa ba ta kawo mini koko ba yau. Kwana biyar ke nan ba ta dube ni a ido ba. Hajiyarmu ta tambaya ko faɗa muka yi, muka haɗa baki muka ce a'a.

Watakila ko da awa shidan na sa haka za ta faru. Wa ya sani? Na'ura dai na'ura ce. Bana tsuntsu ya yi yawa, kowa ya shaida, har a rediyo an faɗa.

Ban faɗa ba.

Juma'a, 27 ga Mayu, bayan La'asar

Zulfa ta same ni a shago ta rufe ƙofa. Ta ce, "Yaya, na je na gaida Inna Kulu. Ka san abin da take yi tana shafa wa hannunta man kaɗanya? Tana bubbuga gwiwa da bugun nan naka. Ta haddace shi. Ta ce wuni guda abu ɗaya ya yi ta faɗa, kafin hantsi tsuntsaye har kan lasifikar suke sauka."

Na ce ta gaya wa ɗanta?

"Ba ta gaya masa ba. Ita ba ta san yadda aka yi ba, ta zaci haka na'ura take. Ni na sani. Bawan Allahn nan ba ya cin abinci, Yaya. Ko ka faɗa ko in faɗa, kuma in ni na faɗa, ka nemi wata mai waƙar."

Na ce ta bari a wuce ranar huɗu ga wata. Kwana takwas ne kacal. In muka ci gasar sai in san yadda zan yi musu.

Ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce, "Har yanzu lissafin kwana kake yi." Ta buɗe ƙofa ta fita.

Ina jin kunya. Tsoro kuma ya fi kunyar yawa, domin na san in na faɗa ba zai ƙara zama a bayana da sanda ba.

Asabar, 28 ga Mayu, bayan Magariba

Na je.

Na jira har rana ta faɗi ya sauko. Inna Kulu tana zaune a kan tabarma a bakin gona. Na cire hula na durƙusa a gabanta, na ce Inna, ni ne. Na faɗi yadda na yanke awa shida na bar minti ɗaya, na sa shi yana juyawa. Na faɗi cewa ya tambaye ni na ce duka ne.

Abdulmannan ya ce, "Wuri ne ya ƙare a na'urar?"

Na so in ce e. Na ce a'a, wuri yana nan.

"To me ya sa?"

Na ce sauran bai yi daɗin ji ba.

Ya yi ta kallona. Na zaci zai kai mini hannu, na ma fi son haka. Sai ya ce a hankali, "Daɗin ji. Wa zai ji? Tsuntsu?" Ya tattara sandunansa ya nufi gari.

Inna Kulu ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce, "Tsuntsun da ya ɗanɗana gona ba ya barinta, yanzu sun fi da yawa, yaron nan kuma ya gaji. Kwana goma sha ɗaya ya rage a yanka. Kana da hannu?"

Na ce ina da shi, Inna. Na buɗe baki zan ambaci ranar huɗu ga wata, na rufe.

Litinin, 30 ga Mayu

Igiya tana cin babban yatsa. Ban san rana tana da tsawo haka ba.

Laraba, 1 ga Yuni, bayan Magariba

Mun kafa rumfa ta biyu. Abdulganiyyu ya rufe shagon ɗinkinsa ya zo, Zulfa tana zagaya gefen gona da murfin tukunya, tana ihu da muryar da alƙaliyar Kano ta miƙe wa tsaye. Abdulmannan yana magana da su biyun. Ni sai dai ya nuna mini kusurwa da sanda.

Masu gasar sun kira. Na ce ba za mu samu zuwa ba. Matar da ta kira ta ce ko na san abin da nake yi? Na ce muna da aiki a gona. Ta zaci wasa nake.

Asabar, 4 ga Yuni, da Azahar

Yanzu ake yi a Kano. Nan iska ce mai zafi, da hadari can gabas wanda bai zo ba. Na yi kuka kaɗan a kan rumfa, hayaniya ta rufe, ba wanda ya ji.

Laraba, 8 ga Yuni, da yamma

An yanka, an buga. Amalanken da maƙwabcinsu ya kawo don ɗauka, sawu ɗaya ya yi, bai ma cika ba. Bara sawu huɗu ya yi, in ji mai shanun. Ba wanda ya tambaye shi.

Juma'a, 10 ga Yuni, bayan La'asar

Inna Kulu ta aiko mu zo mu uku. Ta dafa sabuwar shinkafa da miyar kifi, ta sa muka ci a tsakar gida. Ta ƙi bari Zulfa ta taɓa kwanukan.

Da muka gama ta ce, "Misbahu, matso." Na matsa.

"Na auna abin da muka samu, na sake aunawa. In ni kaɗai ce, da ɗan kaɗin audugar da nake yi, zai kai ni kaka. Mu biyu ba zai kai mu tsakiyar damina ba. Auta ya ce zai tafi Legas dako. Na ce in dai barin gida ne, gara ya bi abin da hannunsa ya iya."

Na ce Inna, ba haka na so ba.

Ta ce, "Na sani. Amma shi ka zo nema, ga shi nan. Ka tafi da shi. Ka riƙa tabbatarwa ya ci abinci, ba ya tambaya."

Na juya wajensa. Ashe ya riga ya ɗaure kayansa a buhu, yana tsaye a bakin zaure. Ya durƙusa gabanta ta dafa kansa da hannun da bai gama warkewa ba, ta yi masa addu'a gajera, ta shige ɗaki ba ta rako mu ba.

A waje na ce masa, "Malam Abdulmannan, ka yafe mini."

Ya ce, "Zan buga muku. Wancan kuma ka bar shi tukuna."

Abdulganiyyu ya ɗauki Zulfa, Abdulmannan kuma ya hau bayana da buhunsa a cinya. Daga ƙauyen har Haɗeja hanya duk ramuka ce, amma ƙarfen bayan babur ya riƙe, bai dafa kafaɗata ba ko sau ɗaya.

Mun samu makaɗi. Gobe ƙarfe huɗu za mu fara bita.